Kukan kunne da ciwon muƙamuƙi: abin da mai tallan ƙwayoyi bai faɗa ba

A Gangara, cikin ƙasar Damargu, idan aka yi sallar isha'i injinan niƙa suka mutu, gari yakan yi tsit har ka ji motsin akuya a bayan danga. A lokacin nan ne mai kukan kunne yake shiga uku. Wani ya ce kamar gyare ke kuka cikin kansa, wata ta ce shuu take ji kamar iskar hunturu. Ba wanda ke jin ƙarar sai mai ita, shi ya sa ake yawan ce masa ya yi haƙuri, gajiya ce.

Lalurar ba ta Damargu ba ce kaɗai. Wani nazari da mujallar JAMA Neurology ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa manya kusan kashi 14 cikin 100 a duniya suna fama da ita, mutum sama da miliyan 740 ke nan. Kukan kunne alama ce, kamar hayaƙi, sai an nemo inda wutar take.

Wuri na farko da ba a cika dubawa ba shi ne muƙamuƙi. Ka ɗora yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki a hankali. Abin da ka ji yana zamewa, gaɓar muƙamuƙi ce, maƙwabciyar kunne ƙut da ƙut. Jijiyar da ke sarrafa naman tauna ita ce kuma ke sarrafa wata ƴar tsoka a cikin kunne, kuma saƙonnin da ke tashi daga muƙamuƙi suna ratsa tashar ji a ƙwaƙwalwa. Tun 1934 wani likitan kunne na Amurka, James Costen, ya lura da wannan dangantaka. Wata gwaggona ta yi shekara biyu tana ɗiga man zafi a kunne, ashe ɓangare guda take tauna goro saboda haƙorin da ya rube a ɗaya ɓangaren. Da aka cire haƙorin, ta koma fasa goro ƙanana, sai ƙarar ta lafa. Idan kukan yana ƙaruwa ko yana sauya murya sa'ad da ka cije haƙora ko ka turo haɓa gaba, to a tuhumi muƙamuƙi. Haka wanda ke cizon haƙora cikin barci, ya farka da nauyin kumatu.

Maganin wannan na cikin gida. A tsoma tsumma a ruwan ɗumi, a matse, a dafa gaɓar na minti 10 zuwa 15, safe da dare. A ɗan huta da kilishi, aya, busasshen dabino da rake na makonni, a koma ga fura da kunu da tuwo mai laushi. In hamma ta zo, a tallafe haɓa. In ana zaune, leɓe a rufe, amma haƙoran sama da na ƙasa kada su haɗu.

Sai injin niƙa. Yaron da ke tsaye kansa tun hantsi, fari fat da garin hatsi, sai ya yi ihu kafin mai kwarya ta ji kuɗin niƙanta. Ƙa'idar masana ita ce ƙarar da ta kai desibel 85 kada a wuce awa 8 cikinta, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Inda sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji, an riga an kai wurin. Gashin ji na cikin kunne in ya mutu ba ya tsirowa, don haka abin toshe kunne na roba ya fi kowace ƙwaya amfani ga yaron nan. Magunguna ma suna jawo kukan: kinin na zazzaɓin cizon sauro, asfirin idan ya yi yawa, da allurar jantamaisin. Na kinin yakan wuce bayan an gama sha, kada a yanke magani ba da sanin majon asibiti ba.

To, ƙwayoyin ƙarin kuzari fa, waɗanda ake jerawa a faranti ranar kasuwa, rana na dukansu? A 2014 ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta shawarci likitoci kada su rubuta ginko, zinki ko melatonin don kukan kunne, saboda gwaji bai nuna suna aiki ba. A ganina jika biyun da za a ba mai faranti gara a kai su asibitin CSI a auna jini. Ƙarancin jini, musamman ga mai ciki ko mai jego, yana sa a ji bugun zuciya cikin kunne, kuma nan ƙwayar ƙarfe tana da aiki na gaske. Hawan jini ma a duba shi, da dauɗar kunne da tsinken ashana ya tura ciki.

Wanda kukan ya zame masa jiki, ya bar rediyo ƙasa-ƙasa lokacin kwanciya. Ƙwaƙwalwa tana sabawa, ta daina sauraronsa. Amma idan ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko akwai jiri, ko mugunya, ko baki ya ƙi buɗewa, ba a jiran ranar kasuwa. A nemi takardar turawa zuwa Tanut, in ta kama a wuce babban asibitin Damagaram, tafiyar sama da kilomita 100 kan hanyar da ta fito daga Agadas.