Ɗauki hoton tsutsar kafin ka sayi magani

Duk damina labarin ɗaya ne a karkarar Agiye, Gazawa da Gidan Runji: manomi ya shiga gona ya tarar da tsutsa, ya garzaya kasuwa ya sayo magani, ya fesa, tsutsar ba ta mutu ba, kuɗi kuma sun tafi. Sau da yawa tun farko ba a gane wace tsutsa ce ba. To yanzu wayar salula ta kawo sauƙi: hoto ɗaya ne, amma idanu da yawa ke dubawa.

Ga yadda abin yake. Akwai manhajoji a intanet da ake tura musu hoton ƙwaro ko ganye. Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka ƙirƙiro, tana taimakawa wajen gane tsirrai. A iNaturalist kuwa, na'ura ce ke fara ba da hasashenta, sannan mutane daga ƙasashe daban-daban su duba su gyara. Ba a ɗaukar sunan a matsayin tabbatacce sai aƙalla mutum biyu sun yarda da shi. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta fito da manhajar FAMEWS a 2018 don bin sawun tsutsar masara da aka fara gani a Afirka ta Yamma a 2016. A nan gida kuma, RECA, gamayyar majalisun manoma ta Nijar, tana da zauruka a WhatsApp inda manoma ke tura hoto da saƙon murya da Hausa, masana su amsa.

Me ya sa sanin sunan yake da muhimmanci? Tsutsar masara tana da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, tana kuma ɓuya cikin zuciyar shuka. Tsutsar zangarniyar hatsi daban take: tana bin zangarniya tana barin hanya a murɗe. Ita wannan, masu bincike na INRAN a Maradi sun daɗe suna yaƙarta da wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ake saki daga 'yan buhuna, wanda ke yin ƙwai a jikinta ya kashe ta. Wanda ya fesa guba ba bisa ƙa'ida ba yana iya kashe abokin aikinsa.

Yaya ake ɗaukar hoton da zai yi amfani? A goge gilashin wayar, a ɗauka da hasken rana, a matsa kusa. A ɗora tsutsar a kan farar takarda, a ajiye tsinken ashana a gefenta don a ga girmanta. A ƙara hoton ɓarnar da ta yi da na shukar gaba ɗaya, sannan a faɗi sunan gari da ranar da aka ɗauka.

'Yan'uwa da ke Kano, Legas, Abijan ko Aljeriya, ku ma kuna da rawar takawa. In an turo muku hoto daga gida, ku sa shi a manhaja, ku mayar da amsa da murya don wanda bai iya karatu ba ya ji.

Sai dai a kula, na'ura tana kuskure, musamman a kan ƙwarin da ba a tara hotunansu da yawa ba. Kafin a fitar da kuɗin magani, a nuna wa malamin gona na yanki ya tabbatar.