Tsohuwar GPS ta mota: yadda ake canza mata manhaja ba tare da an kashe ta ba

Da yawa daga cikin ƴan uwanmu da ke Faransa ko Beljiyam sukan aiko da ƙaramar na'urar nan mai nuna hanya, TomTom, wadda ake mannawa a gilashin mota. Sai an kunna a tarar taswirar Turai ce kaɗai a ciki, ko hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ba ta sani ba. Ana iya ba ta wata manhaja, amma sai da lura.

TomTom kamfani ne na ƙasar Holan, kuma tsofaffin na'urorinsa da Linux suke aiki, wato manhajar da kowa ke da izinin dubawa da gyarawa. A 2004 aka matsa wa kamfanin ya fitar da rubutun ɓangaren Linux ɗin a fili. Daga nan masu sha'awa suka haɗa tasu mai suna OpenTom. Ana kuma iya ɗora Navit, mai karanta taswirar OpenStreetMap ta kyauta, wadda ke da hanyoyin Nijar.

To ga inda maganar take. A samfura irin su GO 300 da GO 500, manhaja da taswira duka suna kan katin SD ne. Idan an kunna, na'urar takan nemi wani fayil mai suna ttsystem a katin, ta tashi da shi. Saboda haka kada ku taɓa katin asali. Ku kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, har da ɓoyayyun fayiloli, sannan ku cire shi ku adana. Ku nemo wani katin daban, wanda bai wuce jiga 2 ba don tsofaffin ba su cika karanta manya ba, a tsara shi da FAT, a zuba sabuwar manhajar da ta dace da lambar samfurin. In ta ƙi tashi, sai a mayar da katin asali, a danna ɗan ramin reset da tsinke. Shi ke nan, ta dawo.

Abin da ke kashe na'ura shi ne taɓa ƙaramar manhajar da ke tayar da ita, wadda ke cikin jikinta ba a kati ba. Wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta ta, na'urar ta zama dutse. Mun san halin wutarmu a lokacin zafi. In mai gyara ya ce sai ya taɓa ta, ku karɓi kayanku. Kuma batir ya cika kafin a fara komi.

Sababbin samfura, daga GO 1000 zuwa sama, ba su buɗewa a kwamfuta kamar kile USB, wannan dabara ba ta aiki a kansu. Allon da ya zo manne a jikin mota daga kamfani kuwa, a ganina a bar shi yadda yake, don sau da yawa rediyo da kyamarar baya duk ta nan suke bi.

Gwajin farko a yi shi mota tana tsaye, a fili, a ba ta ƴan mintoci ta kama taurarin ɗan Adam. Taswirar ma ba ta san kowace hanyar ƙauye ba, balle wadda ruwan damina ya yanke.