Burodin Biki Da Ruwan Cakulat Na Mutanen Meksiko

Meksiko ƙasa ce da ke kudu da Amurka. Yawancin mutanenta Kirista ne. Ranar 6 ga Janairu kowace shekara suna yin bikin da suke kira Ranar Sarakuna. Iyali su taru su ci wani burodi mai suna Roska, su kora da ruwan cakulat mai zafi.

Cakulat daga 'ya'yan itacen koko ake yin sa. Wannan ba kokon gero ba ne. Shi ne kokon da ake nomawa a Ondo da ƙasar Gana, amma asalinsa daga nahiyar Amurka ne. Mutanen Meksiko na dā sun yi ciniki da 'ya'yansa kamar yadda aka yi da wuri a ƙasar Hausa. Alkama kuwa Turawan Sifen ne suka kai musu, bayan sun ci ƙasar da yaƙi a 1521.

Kayan haɗin burodi

Fulawa rabin kilo, sukari rabin kofi, bota babban cokali 6, ƙwai 3, madara rabin kofi, yis ƙaramin cokali 2, gishiri kaɗan, da gogaggen ɓawon lemo.

Yadda ake yi

A ɗumama madarar kaɗan, a zuba yis da sukari cokali ɗaya. A taɓa da yatsa tukuna. In madarar tana ƙuna, za ta kashe yis, burodi ya ƙi tashi, a yi asarar fulawa. Bayan minti 10 za a ga kumfa. Wannan ita ce shaidar yis ɗin yana da rai.

Sai a haɗa da sauran kayan, a murza sosai har minti 15. A rufe da tsumma mai tsabta, a ajiye wuri mai ɗumi har ƙullin ya ninka girmansa. Yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Kada a yi gaggawa, sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan a mulmula shi ya yi tsawo, a haɗa bakinsa biyu ya zama kamar gammo. A bar shi ya sake tashi. A shafa ruwan ƙwai a kai, a jera busassun 'ya'yan itace, a gasa kamar minti 30 har ya yi ja. Wanda ba shi da tanda sai ya zuba yashi a babbar tukunya, ya ɗora farantin a kai, ya rufe, ya sa garwashi a kan murfin.

Mutanen Meksiko sukan ɓoye 'yar ƙaramar 'yar tsana a cikin burodin. A wurinsu tana nufin Yesu yana jariri. Wanda ya same ta a yankinsa, shi zai ciyar da jama'a ranar 2 ga Fabrairu. Sai dai irin wannan ƙaramin abu yana iya maƙale wa yaro a wuya. Don haka a duba rabon yara da kyau kafin a miƙa musu.

Ruwan cakulat

A ɗora madara lita ɗaya a wuta tare da sandar kirfa. A dama garin koko babban cokali 4 da sukari a ɗan ruwa, a juye a ciki. A rage wuta don kada madarar ta yi bori ko ta kama. Idan ta yi zafi, sai a burga. Maburginsu na katako ne, sunansa moliniyo. Ana murza shi tsakanin tafin hannu biyu, kamar yadda ake burga miyar kuka. A wurinsu, cakulat mai kyau shi ne mai kumfa da yawa.

A yanka burodin, a tsoma a cikin cakulat, a ci tun da zafinsa.