Lambar Loto Ba Ta Bin Layi

Na gaji da jin wannan magana a majalisun Nima da Maamobi: "Lamba kaza ta daɗe ba ta fito ba, wannan makon nata ne." Za ka ga magidanci da furfurarsa tsaye gaban allon mai sayar da loto, biro a kunne, yana bin lambobin da suka fita tun bara. A Old Fadama ma haka abin yake, matashi ya wuni yana dako a rana, da yamma ya zuba abin da ya samu a waya, wai ya gano lissafi.

To, mu yi lissafin na gaskiya. Ɗauki tsabar pesewa 50, mai hoton 'yar kasuwa a fuska ɗaya da tambarin ƙasa a ɗayar, ka cilla ta sama. Ko wannan ta fito ko waccan, rabi da rabi. Fitowar 'yar kasuwa sau biyu a jere damarta ɗaya ce cikin 4, sau uku ɗaya cikin 8, sau goma kuwa ɗaya cikin 1,024.

A nan ake ruɗewa. Idan ta fito sau tara a jere, sai a rantse cewa jifa ta goma tambari ne, tunda goma a jere abu ne mai wuya. Sam ba haka ba ne. Wuyar tana wajen haɗa taran nan, kuma an riga an haɗa su. Ƙarfe ba ya tuna abin da ya yi ɗazu, babu kuma wanda ke bin sa bashin tambari. Jifa ta goma rabi da rabi ce, daidai da ta farko.

Wani masanin lissafi, John Kerrich, da aka tsare a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya cilla tsaba sau 10,000, fuska ɗaya ta fito sau 5,067. Kusan rabi ke nan, amma yawan jifa ne ya kawo haka, ba wai tsabar ta dawo tana gyara kuskurenta ba. A gidan cacar Monte Carlo kuwa, a 1913, a teburin caca mai gidaje baƙaƙe da jajaye, ƙwallo ta faɗa baƙin gida sau 26 a jere. Mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja, kowa na cewa yanzu kam lokacinsa ya yi, suka tashi a tsiyace.

Haka loton 5/90 yake, wanda ake fitar da lambobi 5 cikin 90. Kowace lamba damarta ɗaya ce cikin 18 a kowane zaɓe, ko jiya ta fito ko ta shekara ba a gan ta ba. Lambobi biyun da ake cewa tabbas ne, damar su fito tare kusan ɗaya ce cikin 400, ladan kuwa ninki 240. Wato a kan kowane sidi ɗaya, abin da ke dawowa hannun masu yi idan tafiya ta yi nisa pesewa 60 ne, 40 sun tafi. Talauci da rashin aiki na tura mutane, gaskiya ne, amma ba su canza wannan lissafi.

Shawarata, ka fara da rubuta duk abin da ka zuba na wata guda, kada ka rubuta ranar ci kaɗai. Sidi 10 kullum shi ne 3,650 a shekara, jari ne na ƙaramar sana'a. Kada ka yarda da dabarar ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa: wanda ya fara da sidi 1, in ya faɗi sau goma a jere ya yi asarar 1,023, kuma sai ya ajiye 1,024 don neman ribar sidi ɗaya tak. Mai sayar maka da lamba, ko boka ne ko mai allo, tambaye shi me ya hana shi cinye kuɗin shi kaɗai. Kuɗin nan ka kai su adashe, inda kwasarka ke da rana sananniya. Haramcin caca kuwa yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ba sai na tuna wa ɗan Zongo ba.

Iyaye, a riƙa duba wayoyin yara. Limamanmu na Nima, Maamobi da Old Fadama, don Allah a sa wannan batu cikin huɗubar Juma'a.