Sanƙarau a Makarantar Kwana: Abin da Wayar Android Ɗaya Za Ta Iya Yi a Dogon Daji

Da zarar hazon hunturu ya sauka a Dogon Daji, garin da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, lokacin sanƙarau ya kama. Cutar takan yi ƙamari tsakanin Disamba da Yuni, sa'ar da ƙura da busasshiyar iska ke raunana hanci da maƙogwaro. A makarantar sakandare ta kwana, inda yara da yawa ke barci a ɗaki ɗaya suna musayar kofi da cokali, ƙwayar cutar na samun hanya cikin sauƙi ta tari da atishawa.

Sanƙarau na iya kashe lafiyayyen yaro cikin awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da nau'in da baktiriya ke haddasawa na mutuwa, ɗaya cikin biyar kuma na tashi da lahani kamar kurumta. Don haka awannin da ke tsakanin zazzaɓin farko da isa asibiti su ne ke raba rai da mutuwa, kuma a cikin waɗannan awanni ne waya ke da aiki.

Yankin ya san wannan cuta

A annobar 1996, sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Burkina Faso a 2010, ta iso Najeriya a 2011, ta karya lagon nau'in A. Sai ga wani sabon nau'in C ya ɓullo a 2013 a arewa maso yamma, jihohin Sakkwato da Kebbi suna cikin wuraren farko da aka gan shi. Ya tsallaka Jamhuriyar Nijar a 2015, sannan ya haddasa annobar 2017 wadda ta kama sama da mutum 14,000 a Najeriya, ta kashe sama da 1,100, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina.

Makarantu ba su tsira ba. A farkon 2024 ɗaliban makarantun kwana sun rasu a yankin Potiskum na Jihar Yobe. A Maris 2025 cutar ta afka wa Gwandu da Aliero da Jega a Jihar Kebbi, har aka rufe jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero na wani lokaci. Ga mutumin Tambuwal ko Kebbe, waɗannan garuruwa ne na maƙwabta da ake cin kasuwa tare.

Inda labari ke maƙalewa

Najeriya na da manhajar bibiyar cututtuka mai suna SORMAS, wadda aka ƙirƙira bayan Ebolar 2014 da haɗin gwiwar hukumar NCDC da cibiyar bincike ta Helmholtz a Jamus. Kowace ƙaramar hukuma na da jami'in sa ido kan cututtuka da ke shigar da rahoto, daga nan ya wuce jiha da Abuja. Amma manhajar ba ta sanin abin da ba a gaya wa jami'in ba.

A ɗauki misali. Ranar Litinin da dare yaro a ɗakin kwana na ɗaya ya yi zazzaɓi da ciwon kai, aka ce cizon sauro ne, aka ba shi farasitamol. Ranar Alhamis wani a ɗaki na uku ya fara amai, wuyansa ya sanƙare, aka kira iyayensa suka tafi da shi gida. Malamai biyu daban ne ke aiki a dararen biyu, babu wanda ya haɗa labarin. Alhali bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, a al'ummar da ba ta kai mutum 30,000 ba, mutum biyu da ake zargi cikin mako ɗaya sun isa a ɗaga ƙararrawa, biyar kuma sun kai matakin annoba. Makarantar ta riga ta taka layin farko ba tare da ta sani ba.

Fom ɗin da ba ya buƙatar data

Galibin makarantun kwana ba sa barin ɗalibai su riƙe waya, don haka wayar da ake magana a kai ita ce ta ɗakin shan magani ko ta malamin da ke kula da ɗakunan kwana. Kowace Android mai sauƙin kuɗi za ta yi.

A shafin KoboToolbox mutum na iya buɗe asusu kyauta ya tsara fom ba tare da ya iya rubuta lambobin kwamfuta ba. Daga nan a sauke manhajar KoboCollect daga Play Store, a jawo fom ɗin sau ɗaya. Bayan haka ana cike shi ko babu netwok, bayanan su zauna a cikin waya har sai an samu intanet su tura.

Tambayoyi kaɗan sun wadatar, kuma a rubuta su da Hausa: lambar ɗalibi, ɗakin kwanansa, ranar da ciwon ya fara, zafin jiki, sai alamomin da za a zaɓa, wato ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, rikicewar tunani, farfaɗiya da ƙuraje masu duhu. Tambaya ta ƙarshe ita ce inda aka kai yaron. Duk safiya shugaban makaranta ya duba jerin mako. Fom ɗin zai kuma tona ɓarkewar gudawa ko ƙyanda tun da wuri, tunda duk yaron da ya kwanta ciwo yana shiga ciki.

Lambar ɗalibi ake sakawa, ba suna ko hoto ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, don haka wayar ta kasance da makulli. Idan batir ya mutu, littafin rajista mai layuka iri ɗaya ya ci gaba da aikin.

Ma'aunin zafi da zafin Sakkwato

Ma'aunin da ake nuna wa goshi ya yaɗu tun lokacin korona, amma yana da iyaka. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a yi amfani da shi a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 16 da 40, a kuma bar shi ya huta a ɗakin na minti 10 zuwa 30 kafin awo. A watan Maris da Afrilu zafin yankin Sakkwato kan haura 40, daidai lokacin da sanƙarau ke tsananta. Gumi ko shigowa daga rana ma na canza sakamako. Ma'aunin dijital na hammata ya fi arha, ya kuma fi dacewa da wannan yanayi. Zazzaɓin da ya zo farat ɗaya ya kai digiri 38, tare da sanƙarewar wuya ko rikicewa, hukuncinsa asibiti nan take. Ba a jiran wayewar gari, ba a kuma jiran yaro na biyu.

Lambobi da zaurukan WhatsApp

A ajiye lambobi huɗu a wayar, a kuma rubuta su a bangon ɗakin shan magani: jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, asibiti mafi kusa, direban da ya yarda a tashe shi cikin dare, da 6232, layin NCDC na kyauta. Ko yaro ɗaya ake zargi, a kira jami'in a ranar.

Zauren WhatsApp na iyaye kuwa na iya taimakawa, yana iya ɓatawa. A Agustan 2014 saƙon ƙarya na wanka da shan ruwan gishiri don kare Ebola ya karaɗe wayoyin Najeriya cikin dare ɗaya, har aka rasa rayuka. A makaranta, jita-jita kan sa iyaye su kwashe yara zuwa ƙauyuka kafin ma'aikatan lafiya su duba waɗanda suka kwana kusa da mara lafiya, alhali cutar na ɗaukar kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana. Maganin hakan shi ne mutum ɗaya ya riƙa fitar da sanarwa a madadin makaranta, da saƙon murya na Hausa, yana faɗin abin da ya faru da alamomin da za a lura da su.

Abin da waya ba ta iya yi

Manhaja ba ta warkar da sanƙarau. Allurar ceftriaxone a hannun ma'aikacin lafiya ce ke yi. Buɗe tagogi, rage cunkoson gadaje da bai wa kowane yaro kofinsa su ke rage yaɗuwa. Wanda aka yi wa MenAfriVac yana ƙarami kuma bai samu kariya daga nau'in C ko W ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar: A, C, W, Y da X. Idan masu rigakafi suka zo, jerin ɗalibai da makaranta ta tanada zai nuna wanda aka yi wa da wanda ya rage.

Tsara fom ɗin bai wuce aikin yammaci ɗaya ba ga matashin da ya saba da wayarsa. Tsohon ɗalibi a Dogon Daji ko Kebbe na iya zama da shugaban makarantarsa a watan Nuwamba, ya saka manhajar, ya koya wa malamai biyu cike ta, ya tattaro lambobin nan huɗu, kafin hazon farko ya sauka.