Kwatancin Magunguna Biyu na Kashe Dodon Koɗi a Lambu

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a kwatanta ƙwayoyin magani iri biyu waɗanda masu lambu a ƙasashen Turai, musamman Ingila inda laima ba ta yankewa, suka daɗe suna barbaɗawa domin kashe dodon koɗi da ɗan'uwansa marar ɓawo. Waɗannan halittu da dare suke fitowa, su cinye latas da kabeji tun suna tsiro. Su kuwa ƙwayoyin, garin alkama ne ko dusa ake cuɗawa da guba, a dunƙula ƙanana-ƙanana.

Na farko shi ne metaldihaid, wanda aka fara amfani da shi a lambu cikin shekarun 1930. Kafin nan makamashi ne na hura wuta. Idan dodon koɗi ya ci shi, sai ya yi ta zubar da yauƙi har ruwan jikinsa ya ƙare, gari na wayewa mai lambu ya tarar da gawarwaki a fili, ransa ya yi fari. Sai dai in ƙasa ta jiƙe sosai, wasu sukan farfaɗo. Babban aibinsa kuwa shi ne ba ya zaɓe: kare da bushiya da tsuntsu duk yana iya halaka su. Daɗin daɗawa, ruwan sama yakan kwashe shi zuwa koguna, kuma tace shi daga ruwan sha abu ne mai wuya. Birtaniya ta haramta barbaɗa shi a fili tun daga watan Afrilu na 2022.

Na biyu shi ne fosfet na ƙarfe, wanda aikinsa a ɓoye yake. Dodon koɗin da ya ci shi yakan daina cin abinci, ya shige ƙasa, ya mutu can bayan 'yan kwanaki. Da yake ba a ganin gawa, masu lambu da yawa sukan zaci bai ci ba, alhali kuwa ganyen ya kamata su duba, ba ƙasa ba. Haɗarinsa ga dabbobi bai kai na metaldihaid ba, shi ya sa ya fi cancanta. Amma shi ma ba a rasa abin faɗi a kansa: wasu kamfanoni sukan haɗa shi da sinadarin EDTA don ƙara masa ƙarfi, kuma an nuna cewa wannan haɗi yana iya cutar da tana, wadda ita ce ke sassauta ƙasar lambu.