Me Ya Sa Madaci Yake Mutuwa Bayan An Sassaƙe Shi?

Kowane itace yana da hanyoyi biyu a jikinsa. Ta farko tana cikin gangar itacen. Saiwa takan tsotsi ruwa da gishirin ƙasa, ganye kuma yana fitar da danshi ta ƙananan ƙofofinsa. Wannan fitar danshin ce take jan ruwa zuwa sama. Ta biyu tana dab da ƙarƙashin ɓawo, ta nan sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana yake gangarowa ya ciyar da saiwa.

Mai neman magani da ya sassaƙe madaci kewaye, ya yanke wa saiwa abinci ke nan. Ganye zai yi watanni yana kore domin ruwa yana hawa, alhali saiwa tana mutuwa da yunwa. In ya zama dole, a ɗebi kaɗan a gefe guda.